KIFI MAI JAN CIKI: YADDA AKE KIWONSA A ƊAKI HAR YA HAYAYYAFA

Ya kai mai karatu, ka san karfasa, wadda waɗansu ke kira gargaza. Ka sha ganinta a kasuwa, wataƙila ma da ita aka yi maka miya jiya. To, karfasa tana da dangi da yawa a duniya, sun fi iri 1,500, masana kuwa sun tara su duka sun sa musu suna ɗaya, watau sikilid. Mafi yawansu a Afirka suke, musamman cikin manyan tafkunan gabas, Malawi da Tanganyika da Biktoriya. Sauran galibinsu suna Amurka ta Kudu da ta Tsakiya.

Cikin dangin nan akwai waɗanda ba su girma, ko sun tsufa ba su wuce tsawon yatsan hannu da kaɗan ba. Su ake ce wa wadannin sikilid. Ba don ci ake kiwonsu ba, gama ko ashirin ka tara ba su isa miyar mutum ɗaya ba. A akwatin gilashi ake ajiye su cikin ɗaki don kallo, kamar yadda wani ke ajiye kanari a keji, wani kuma tantabaru. Abin da ya sa masu kiwo ke son su ƙwarai shi ne halinsu na reno. Yawancin kifaye in sun zuba ƙwai sai su yi gaba, ko su juyo su cinye abinsu. Waɗannan kuwa uwa da uba suna tsaron ƙwansu, suna kiwon 'ya'yansu kamar kaza da 'yan tsakinta, kai kuwa kana zaune kana gani da idonka.

Wadannin nan iri-iri ne. Akwai jinsin Apistogramma na kogin Amazon, akwai wani da ake kira ram a ƙasashen Banezuwela da Kolombiya. Amma waɗannan suna da tsirfa a kan ruwa, ba su dace da mai fara koyo ba. Saboda haka labarin ɗaya kaɗai za mu ba ka, wanda ya fi su jimiri, asalinsa kuwa kudancin Nijeriya ne.

ASALINSA DA SUNANSA

Kifin nan yana zaune a rafukan da ke wajen bakin kogin Kwara, inda ya rarrabu zai shiga teku, da kuma rafukan gaɓar Kamaru. Yana son wurin da ciyawar ruwa ta yi yawa, da saiwoyi, da ramuka na ɓuya. A shekarar 1901 wani masani mai suna Boulenger, wanda ke aiki a gidan adana halittu na Landan, ya bayyana siffarsa daga kifayen da wani likita, Ansorge, ya kamo a wannan yanki. Ya sa masa suna pulcher, watau kyakkyawa da harshen Latin. A 1913 aka fara kai shi Jamus da ransa. Cikakken sunansa a littattafan masana yau shi ne Pelvicachromis pulcher.

A kantin masu sayar da kifin ado kuwa in ka faɗi wannan suna mai yiwuwa ne ba za su gane ba. Su kiribensis suke ce masa. Sunan nan daga garin Kiribi na Kamaru ya fito, asali kuwa na wani ɗan'uwansa ne, 'yan kasuwa suka rikita su, sunan ya bi shi har yau. Galibin waɗanda ake sayarwa yanzu a duniya ba daga rafi aka kamo su ba, a akwatuna da kududdufan masu kiwo aka haife su, shi ya sa suka saba da ruwa iri-iri.

Rarrabe namiji da mace ba wuya. Namiji ya fi tsawo, yakan kai inci 4, jikinsa siriri, fiffiken bayansa yana ƙarewa da tsini. Mace ba ta cika wuce inci 3 ba, gajeruwa ce mai tumbi, fiffikenta a daƙushe, da kyalli kamar ruwan zinariya a gefensa. Dukansu suna da baƙin zane daga baki har wutsiya. Amma ga abin mamaki: a tsuntsaye ka saba ganin zakara ya fi kaza ado, nan kuwa macen ce mai ado. In lokacin ƙwai ya zo cikinta sai ya yi ja wur, har ya kusa komawa shunayya.

GIDA DA KAYAN ƊAKI

Ka nemi akwatin gilashi mai tsawon ƙafa 2 da rabi, faɗi ƙafa 1, zurfi ƙafa 1. Irin wannan yana cin ruwa wajen lita 70. Ka tuna fa kowace lita nauyinta kilo 1 ne, ban da yashi da gilashin kansa, don haka kada ka ɗora shi bisa tebur mai rawa. Faɗin ƙasa ya fi zurfi amfani, domin kifin nan a ƙasa yake yini. Kada ka sa akwatin a bakin taga inda rana ke duka, kada kuma ka sa shi a bakin ƙofa inda yara ke shige da fice.

Ka shimfiɗa yashi mai laushi kamar kaurin inci 1 ko 2, bayan ka wanke shi sarai har ruwan ya daina gurɓacewa. Tsakuwa mai kaifi ba ta da kyau, gama da baki suke haƙa. Sa'an nan ka yi musu kogo, domin ba su yin ƙwai a fili. Rabin ɓawon kwakwa ya isa: ka kankare shi, ka tafasa shi, ka yanke 'yar ƙofa a gefensa wadda kifi ɗaya zai iya shiga, ka kife shi bisa yashi. 'Yar tukunyar ƙasa sabuwa, wadda ba a taɓa girki da ita ba, ita ma tana yi. Kogo biyu ko uku za ka sa, nesa da juna, macen ta zaɓi wanda ya yi mata. Tsakaninsu ka jera duwatsu da ciyawar ruwa don su tare gani. Akwai wata ciyawa ta Afirka ta Yamma mai kaurin ganye da ake kira anubiyas; ba a binne ta, ɗaure ta ake yi a jikin dutse, ba ta kuwa bukatar haske da yawa.

Sai mataci. Wanda ya fi dacewa da masu reno shi ne na soso, wanda ɗan famfon iska ke hurawa, domin yana tace ruwa a hankali ba ya zuƙe jarirai. Ka sayi ma'aunin zafi kuma. Ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 27. Da hunturu, a garuruwan arewa sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15, lalle sai an sa hita irin ta akwatin kifi. Da bazara kuwa zafi ne abin tsoro, gama ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa. Sai ka sa fanka ta riƙa kaɗa fuskar ruwan.

RUWA

A nan yawancin masu fara kiwo ke yin hasara, saboda haka ka karanta wannan da natsuwa.

Kifi a cikin ruwan da yake shaƙa yake yin kashi da fitsari. A rafi ba kome, ruwa na tafiya da shi. A akwati kuwa ba inda zai tafi. Ƙazantar nan da ragowar abinci suna fid da wani dafi da ake kira amoniya, wanda ba shi da launi, ruwa yana nan garau amma kifi na mutuwa. Allah da ikonsa ya halicci waɗansu ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Iri ɗaya yana cin amoniya ya mai da ita naitirait, wanda shi ma dafi ne. Wani irin kuma ya ci wannan ya mai da shi naitiret, wanda cutarsa kaɗan ce in bai taru ba. Halittun nan a cikin soson mataci suke zama, amma sabon soso ba shi da su, sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita.

Ashe ke nan ranar da ka sayi akwati ba ita ce ranar sayen kifi ba. Ka cika shi da ruwa, ka kunna mataci, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kowace rana cikin akwatin da ba kowa, har wata guda ko fiye. Mutanen gida za su yi maka dariya, su ce kana ciyad da ruwa. Ƙyale su, sannu ba ta hana zuwa. In kana da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, roƙe shi ya ba ka guntun sosonsa da jiƙonsa, wannan zai rage maka kwanaki da yawa.

Ruwan famfo yana da kulorin, maganin da ake sawa don kashe ƙwayoyin cuta. Ga mutum alheri ne, ga kifi da bakteriyan mataci kuwa guba ne. Ka tara ruwan a bokiti ya kwana ya yini a buɗe, ko kuwa ka ɗiga maganin kashe kulorin da ake sayarwa a kantin kifi, wannan ya fi tabbas. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kana bin ƙasa inda datti ke kwanta, ka mayar da sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Wannan shi ke rage naitiret. Kada ka taɓa juye ruwan duka wai don tsabta. In soso ya toshe, a cikin ruwan da ka zuƙo za ka matse shi, ba a bakin famfo ba.

Bokitin kifi na kifi ne kaɗai, sabulu kada ya taɓa shi. In kuwa za a fesa maganin sauro a ɗakin, ka kashe famfon iska, ka rufe akwatin ruf da bargo har warin ya fita. Abin da ke kashe sauro yana kashe kifi.

AURE

Kada ka kama namiji ɗaya da mace ɗaya ka ce dole su zauna. Sau da yawa abin yana yiwuwa, amma wani lokaci namiji yakan tsani macen, ya yi ta korarta har ta laɓe a kusurwar sama ta daina cin abinci. Dabarar da ta fi ita ce ka sayi 'yan matasa kamar 6, ka bar su su girma tare. Ran nan za ka ga biyu sun ware, sun kama kogo ɗaya suna korar saura. To, aure ya ɗauru, sai ka kwashe sauran ka mayar wa mai kanti ko ka ba abokai.

Yana da amfani ka sa waɗansu ƙananan kifaye masu yawo a sama, kamar irin da ake kira tetira, guda 6 ko 8. Ganinsu suna iyo a fili yana kwantar wa ma'auratan da hankali, su san ba mugun abu kusa. Har wa yau in namijin yana da baƙin da zai kora, ba ya huce fushinsa a kan matarsa.

Abinci kuwa, a rafi yawancin abin da kifin nan ke ci gansakuka ne da tarkacen ganye, da 'yan ƙwari. A gida ka ba shi abincin kanti wanda ke nutsewa, sau 2 a rana, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti 2. In kana son su yi ƙwai da wuri ka ƙara musu mai rai: tana da aka wanke aka yayyanka, ko 'ya'yan sauro da ka tsamo daga wani kwatami mai tsabta. Amma kada ka girke ruwa a gida da gangan don sauro ya haihu. Ribar kifi ba ta biyan zazzaɓin yara.

ƘWAI

In macen ta shirya ba za ka rasa ganewa ba. Cikinta ya kumbura ya yi ja, ta zo gaban namiji ta lanƙwasa jikinta kamar baka, tana tura masa jan cikin tana karkarwa. Sa'an nan ka ga su biyu suna shiga kogo suna fitowa da yashi cike da baki suna tofarwa a ƙofa, har ya yi tudu. Gyaran ɗaki ke nan.

Wata safiya sai ka nemi macen ka rasa. Ka zuba abinci, ta leƙo ta ɗauki loma ɗaya ta koma da sauri, cikinta kuwa ya sace. To, ta yi ƙwai. A rufin kogon take manna su, tana kwance rigingine, namijin ya bi bayanta ya zuba ruwansa a kansu. Matashiya takan yi 40 zuwa 100, babba kuwa takan kai 200 ko fiye. Daga nan sai su raba aiki. Ita tana ciki tana yi wa ƙwan fifita da fiffikenta don sabon ruwa ya riƙa ratsa su, tana tsince baragurbi, watau waɗanda suka yi fari, kada su ruɓe su ɓata saura. Shi kuwa yana waje yana gadi, ko hannunka ka sa kusa sai ya kai maka cizo, ɗan abin da bai kai yatsanka kauri ba.

Yanzu jarrabawarka ta zo. Zuciyarka za ta yi ta ce maka ka ɗaga kwakwar nan ka ga abin da ke ciki. Kada ka ɗaga. Kada ka haska musu tocila, kada ka ƙwanƙwasa gilashi, kada ka kira maƙwabta kallo. Uwar da ta firgita cinye ƙwanta take yi, domin a ganinta gara abin ya koma cikinta da ya shiga cikin maƙiyi. Ko ba ka dame su ba ma, sababbin iyaye sukan cinye na farko, wani lokaci har da na biyu. Wannan ba abin ɓacin rai ba ne, kada kuwa ka raba su. Bayan 'yan makonni za su sake, kuma galibi a karo na biyu ko na uku sukan iya.

Bayan kwana 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe. Jariran ba su iya iyo tukuna, suna kwance a ramin da uwar ta haƙa cikin kogon, suna motsa wutsiya kawai. Kowannensu yana ɗauke da ragowar gwaiduwa a ƙarƙashin cikinsa, ita ce guzurinsa na kwana 4 ko 5. Kada ka ba su kome a wannan lokaci, abincin zai ruɓe ne a banza.

RENO

Wajen mako guda ko kwana 10 daga yin ƙwai, sai ka ga uwar ta fito, wani abu kamar hayaƙi yana bin ƙarƙashinta. 'Ya'yan ne, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wannan rana ita ce ladan dukan jiran da ka yi.

Ka zauna shiru ka lura. Uwar tana zagawa da su cikin akwatin suna tsattsagar abinci a jikin duwatsu da soso. In ta ga abin tsoro sai ta girgiza jiki, nan take su duka su faɗi ƙasa su yi lamo, launinsu ya saje da yashi, ka rantse ba kome a wurin. In wani ya yi nisa ta bi shi ta kama shi da baki. Wanda bai sani ba sai ya ce ta haɗiye shi, amma dawowa take ta tofar da shi cikin 'yan'uwansa. In tana son cin abinci uban ya karɓe ta. Da magariba kuma ta tattara su ta mai da su kogo. Nan suka bambanta da 'yar'uwarsu karfasa ta kogin Nilu, wadda ke riƙe ƙwanta cikin baki har su ƙyanƙyashe, ita kaɗai ba taimakon miji.

Abincin da ya fi musu shi ne jariran wani ɗan jatan lande na ruwan gishiri da ake kira artemiya. Ana sayar da ƙwansa busasshe kamar gari. Ka zuba ruwa lita 1 a kwalba, da gishiri kamar babban cokali 1 da rabi, da ƙwan nan rabin ƙaramin cokali, ka sa bakin famfon iska ciki. Bayan kwana 1 ko kwana 1 da yini sun ƙyanƙyashe. Ka tace su da ƙyalle mai laushi, ka ɗauraye, ka zuba kusa da jariran. In sun ci za ka ga cikinsu ya yi ja-ja. In artemiya ba ta samu ba, ka niƙa abincin kanti ya yi laushi kamar gari, ko ka murza gwaiduwar dafaffen ƙwai, amma ɗan mitsitsi, gama tana saurin ɓata ruwa. Sau 3 ko 4 a rana za ka ba su, kaɗan-kaɗan. Ruwa kuwa ka riƙa canza kaɗan bayan kowane kwana 2 ko 3, ka ɗaura ƙyalle a bakin tiyo kada ya zuƙe su, ka kuma duba bokitin kafin ka zubar.

Wani lokaci rigima takan tashi tsakanin iyayen, galibi macen ce ke juya wa mijin. In ka ga ɗaya ya laɓe fiffikensa a yage, cire shi ka sa a wani akwati, ɗayan zai iya renon shi kaɗai. Bayan mako 4 ko 5 kuma, in cikin uwar ya soma ja, ta yi nufin sabon ƙwai, daga nan 'ya'yan da take karewa jiya sun zama abokan gaba. Sai ka kwashe su zuwa akwati na biyu, wanda ya kamata ka shirya tun da wuri da ruwa da soso daga na farko.

MAZA KO MATA

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Mai kiwo yakan reni 'ya'ya 50, da suka girma ya tarar kusan duk maza ne, ko duk mata. Masana sun gwada sun gane cewa tsamin ruwa a kwanakin farko yana da hannu a ciki. Ana auna tsamin nan da wani ma'auni mai suna pH, lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya gaza 7 mai tsami ne. A kifin nan, in ruwa ya yi tsami sosai maza sukan fi yawa, in tsamin ya ragu mata su rinjaya. A kantin kifi ana sayar da 'yar takarda mai sake launi in an tsoma ta a ruwa, ita za ta nuna maka lambar ruwanka. In ka same shi tsakanin 6.5 da 7, bar shi haka. A jinsin Apistogramma kuwa an gane zafin ruwa ne ya fi aiki, ruwa mai ɗumi ya fi ba da maza.

'Ya'yan nan cikin wata 6 sun isa aure su ma, iyayen kuwa suna iya yin ƙwai kusan kowane wata ko biyu, suna kuma rayuwa wajen shekara 5. Ka ga ke nan kafin shekara ta zagayo kifi ya fi ƙarfin ɗakinka. Tun suna ƙanana ka yi magana da mai kanti, mai yiwuwa ya saya ko ya musanya maka da abinci. Yakan fi son su in sun kai inci 1 da rabi, sa'ad da launinsu ya soma fitowa. Kada ka zuba ragowar a kogi ko tafki. Kifin da aka kai inda ba a san shi ba yakan mutu, ko kuwa ya yaɗu ya takura wa 'yan gida. Wannan kifi da kansa ya kama wuri a ruwayen Hawai, can tsakiyar tekun Fasifik, bayan masu kiwo sun sake shi. In kana son iyayen su huta, ka raba namiji da mace akwati dabam-dabam, ran da ka sami masu son 'ya'ya ka sake haɗa su.